Hayaƙin Gwangwani a Gidan Doña Orfelina

Ni na fara gani. A fara sanin wannan tukuna. Yanzu kowa a tsibirin nan ya zama mai hangen nesa, kowa sai ya ce ai da ma jikinsa ya ba shi, har da matan coci da Nolberto maƙeri. Ƙarya suke yi. Ni, Custodio Remolcoy, da ake ce wa Don Custodio don girmamawa, ni na fara ganin hayaƙin gidan Doña Orfelina ya sauya, na kuma faɗa da babbar murya, aka ce tsufa ne ya taɓa mini ido. Idon da ya ga teku ta ja da baya ta dawo ta share garinmu ina yaro, na fita da raina a kan rufin wani gida. Idon da ya ga kwalekwale ya kife da ni sau biyu na iyo gaɓa da kaina. Ban taɓa zama a aji ba, yatsuna biyu na baro su a wurin askin tumaki can kudu, amma har yau ba a haifi wanda zai koya mini kallon hayaƙi ba.

Gidana yana wannan gaɓar, nata yana ƙetaren ruwa a kan tudu. A nan ba mai tuƙa kwalekwale cikin ruwan sama don kawai ya ji ko maƙwabci ya tashi lafiya. Da safe ka leƙa taga ka duba bututun hayaƙin kowane gida. In hayaƙi na fita, mai gidan na da rai, tukunya na kan wuta. Gidan da bututunsa ya yi shiru har rana ta ɗaga, sai a tura jirgi. Hayaƙin Orfelina kuwa siriri ne, shuɗi, na busasshen itacen luma, kuma ba ya yankewa daga asuba har dare. Ita ta riƙe 'yata Marlis ranar baftisma, don haka comadre nake ce mata. Abin da zan faɗa daga nan, daga bakinta na ji shi.

Murhun nata na ƙarfe ne, baƙi, mai ƙafa huɗu, mai ido shida da tanda a ciki. Maza shida ba sa ɗaga shi sai da nishi. A bayansa akwai dogon benci jingine da bango, inda take zama tana kaɗin ulu, kyanwa a cinyarta, jeren busasshen kifi na rataye a samanta. A ƙarshen bazara farantin saman murhun ya tsage, tubalan cikinsa suka fara marmashewa, hayaƙi ya riƙa tsiyayowa cikin ɗaki. Ta aika aka kira Nolberto. Ya zo ya zura kai ciki, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya miƙe yana goge hannu.

"Doña Orfe, wannan ai zai binne mu duka. Sabon faranti, 'yan tubala, yumɓu kaɗan, shi ke nan."

Ɗanta Hernaldo, wanda kowa ke kira Naldo, yana tsaye a bakin ƙofa. Shi da matarsa Yasna sun gina gidan baƙi a gefen tsohon gidan, suna saukar da ma'aikatan kamfanin kiwon kifi. Ya yi dariya.

"Maigida Nolberto, kai ko gawa aka kawo maka sai ka ce a ɗan liƙe ta da yumɓu za ta tashi. Mamita, yau a gyara, gobe wani wurin ya tsage. Har yaushe za ki yi ta faskare da wannan bayan naki? Akwai sabon murhu yanzu, ƙwayar dusar katako yake ci, maɓalli kawai za ki danna. Ba toka, ba hayaƙi a ido."

"A kansa na gasa maka burodin aurenka," in ji ta.

"To ai ya yi aikinsa. Bari in huta da jin kunya, mutane na cewa uwata na shaƙar hayaƙi ni ina kallo."

Wannan maganar ce ta karya ta. Ta dubi murhun, ta dubi ɗanta, ta ce to, in dai shi ya ga ya fi. Da kuɗin sayen ya gaza, ta ce ya kai tumakinta kasuwa.

Sabon ya iso a jirgin kaya cikin babban kwali. Ranar ma'aikatan kifi suka taru suka ciccibi tsohon, suka fitar da shi suna nishi suna zagin nauyinsa. Orfelina ta share wurin tas, ta wanke daɓen, ta zauna a bencinta tana jira. Ta taga ta ga kwalin ya wuce ƙofarta ya shiga gidan baƙi.

Naldo ya shigo yana sosa ƙeya.

"Mamita, an samu 'yar matsala. Mai haɗawa ya ce wayar lantarkin ɗakinki ta tsufa, ba za ta ɗauka ba, gobara za a yi. Sai an sayo sabuwa daga birni. Kafin nan na ce a kafa shi can, kada ya yi tsatsa a kwali. Ana kawo waya za a dawo miki da abinki."

"Yaushe za a kawo?"

"Jirgi mai zuwa."

Tsohon murhun kuma Yasna ta sa aka ajiye shi a barandar gidan baƙi. Ta shafe shi da koren fenti, ta jera tukwanen furanni a kan idanunsa shida. Baƙi suka riƙa tsayawa a gabansa ana ɗaukar su hoto.

A ɗakin Orfelina ba abin da ya rage sai bututun, yana reto daga rufi, bakinsa a buɗe a kan daɓen da ba komai. Washegari da sassafe ta tare ɗanta.

"Naldito, yau ba hayaƙi a gidan nan. Kafin rana ta take, compadre Custodio zai iso, rabin gari na bayansa."

Naldo ya fita, ya dawo da tsohon gwangwanin fenti, ya cika shi da jiƙaƙƙiyar dusar katako da ɗanyen ganye, ya ɗora a kan bulo daidai bakin bututun.

"Ki ɗan riƙa kunna wannan da safe, Mamita. Na ɗan lokaci ne. Kin san bakin mutanenmu. Su ji an ce Naldo ya fitar da murhun uwarsa, wa zai tsaya ya ji zancen waya? Kamfani ya ji, ya kwashe mutanensa, me za mu ci?"

Ta karɓi ashanar. Ita da kanta ta riƙa durƙusawa kowace safiya tana hura gwangwanin, idonta na ruwa, don ta rufa wa ɗanta asiri.

Ni kuwa a ranar farko na ce wa Marlis, "Wancan ba hayaƙin girki ba ne. Fari ne, mai kauri, kuma kafin in gama shan mate, shayinmu na ganye, ya mutu." Ta ce, "Baba, wataƙila itacenta ne ya jiƙe." Orfelina da jiƙaƙƙen itace! Matar da rumfar itacenta ta fi ɗakin kwanan wasu bushewa.

Jirgi ya zo ya koma, ba waya. Wani ya zo, aka ce an kawo amma ba irinta ba ce. Watan Mayu, farkon sanyinmu, ya shigo da ruwansa, irin wanda yake sauka a kwance, ya yi ta dukan katako ba dare ba rana. Naldo ya kawo mata ɗan abin ɗumama ɗaki na lantarki mai sanda ɗaya. Ta ɗan ji daɗi. Amma duk lokacin da ta kunna shi tare da injin wankin Yasna, sai wutar gidan baƙi ta ɗauke, ma'aikata su hau ihu ana tsakiyar kallon ƙwallo. Yasna ta zo ta naɗe wayarsa.

"Doña Orfe, ki yi haƙuri, su ne masu biya. Ai ƙofarmu a buɗe take, ki riƙa zuwa kina shan ɗumi."

Ta je. Ta tarar da sabon murhun a tsakiyar falo, akwatin gilashi mai 'yar ƙara kamar agogo, ba inda za a ɗora ko buta. Takalman roba da rigunan aiki sun kewaye shi suna tururi. Ta ja kujera gefe ta fito da mazarinta. Samarin ba su da laifi, har wani ya ce, "Kaka, matso nan kusa." Amma tari ya riga ya kama ta. Da ta yi zuwa kaɗan, Yasna ta ja ta gefe tana murmushi.

"Ba don ni ba, wallahi. Shugabansu ne yake tambaya ko ciwon ƙirji ne, kin san su da tsoron cuta. Ki ɗan huta a ɗaki har tarin ya lafa. Abinci zan riƙa kawo miki."

Abincin yana zuwa, ba a hana ta ba. Sai dai kafin ya ƙetare tsakar gida cikin ruwa, maiƙon ya daskare a saman miya. Bangon ɗakinta ya fara gumi. Baƙin tabon danshi ya fito a kusurwa ya hau har rufi. Jeren kifinta ya yi funfuna, ta sauke ta zubar. Dankalin da ke buhu ya ruɓe daga ƙasa. Yatsunta suka ƙage, zare ya daina biyo su, ta ajiye mazari. Kyanwar ma wata safiya ta sauka daga cinyarta ta koma gidan baƙi, ba ta ƙara dawowa ba. Orfelina ta daina kwana a gadonta saboda katifar ta sha danshi. Ta tattara barguna ta koma kan bencin, bayan murhun da babu shi.

Ni ina nan ina magana. Na faɗa a ƙofar coci, aka ce, "Don Custodio, ga hayaƙi kowa na gani, kai kuma kana son ka kashe matar mutane da baki." Na tare Naldo a mashigar jiragi yana sauke buhunan ƙwayar murhu.

"Kai yaro, me ya hana comadre zuwa coci?"

"Gwiwa ce, Don Custo. Tana can cikin ɗumi kamar 'yar sarauniya, sabon murhu na saya mata."

"Sabon murhun ne yake hayaƙi kamar ana ƙona ciyawa?"

Ya dubi mutanen wurin ya kashe ido. "Tsoho, a sayo maka tabarau ne, ko dai uwata kake so? Ka fito fili mana, mu yanka maka sadaki."

Aka kwashe da dariya. Kwalekwalena a lokacin yana kife a gaɓa da ɓaraka a cikinsa, Marlis kuma ta rantse ba mai ba ni aron nasa a wannan iskar. Na sayi kwalta na fara liƙe abina da kaina.

Can ƙetare, wata rana da ruwa ya ɗan tsagaita, Orfelina ta lallaɓa har baranda ta dafa tsohon murhunta. Ta kira ɗanta.

"Naldito, ka mayar mini da wannan. Ko da tsagewarsa. Na yarda da hayaƙin."

"Haba Mamita, an shafa masa fenti. Kina kunna wuta gubar za ta kashe ki. Kuma wa zai ɗaga shi yanzu? Yaran suna aiki. Ki ƙara haƙuri, saura ƙiris."

Ta juya za ta koma. Tafiyarta ta zama ta hawainiya, tana bin bango tana hutawa. A ƙarƙashin tagar kicin ɗin Yasna numfashinta ya tsaya, ta jingina. A nan ta ji muryar surukarta.

"Kai ma ka daina yi mata zancen wayar nan, kullum sai ta tambaye ni."

"To me zan ce mata?" in ji Naldo. "In ce ba wayar da aka aika a sayo? Ki bari sanyi ya wuce. Wa zai kafa sabon murhu a ɗakin da za a rushe? Ɗaki biyu za su fita a wurin, har da banɗaki. Ita sai mu kai ta wurin ƙanwata a birni."

Orfelina ba ta yi kuka ba. Ta ce mini abin da ya ba ta mamaki shi ne ba ta ji sanyi ba a hanyar komawa.

Washegari ba ta kunna gwangwanin ba. Ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta taje kanta, ta ja kujera gaban taga, ta zuba wa ruwa ido. Ta san in bututun ya yi shiru zuwa hantsi, jirage za su taso. Ta ma fara tunanin abin da za ta ce don kada a yi wa Naldo rotse da yawa.

Gari bai gama wayewa ba sai ga shi ya shigo da sauri.

"Mamita, kin makara yau."

"Ban makara ba. Ba zan kunna ba."

"Me ya faru?"

"Ɗaki biyu, har da banɗaki," in ji ta.

Ya tsaya kamar an dasa shi. Ta ɗauka zai durƙusa, ko ya yi musu, ko ma ya yi faɗa. Ba ko ɗaya. Ya miƙa hannu ta saman kanta ya ɗauki ashanar. Dusar ta jiƙe da yawa ta ƙi kamawa, sai ya zaro tsumman da yake goge injin jirgi daga aljihu, ya cusa a gwangwanin, ya ƙyasta. Ya tsaya har hayaƙin ya kama hanyar bututu, ya sa ashanar a aljihunsa, ya ja ƙofa.

Daga ranar shi yake zuwa ya kunna kowace safiya kafin ya fita aiki.

Wannan shi ne kuskurensa, don tsumman mai baƙin hayaƙi yake yi. Na leƙa taga na ga baƙi wuluk yana fita daga gidan Orfelina, na ce yau ko kwalekwale zai kife da ni karo na uku sai na ƙetare. Kwaltar ba ta gama bushewa ba. Marlis ta ga da gaske nake, ta shigo tana zagina tana kwarfe ruwa da kwano, ni ina tuƙi da yatsu takwas.

Ɗakin ya fi waje sanyi. Wari na danshi da man inji. Ga gwangwani a kan bulo yana sauran hayaƙi. Ga comadre a kan benci cikin barguna masu nauyin ruwa, leɓenta ya yi shuɗi, ƙirjinta na ƙara kamar ana jan zarto. Ta buɗe ido ta ce, "Compadre, ka yi haƙuri, ba ruwan zafi da zan ba ka."

Yasna ta rugo. "Don Custodio, ai da ka yi sallama! Mura ce kawai, jiya ma na ba ta magani. Mun yi mun yi ta dawo wurinmu ta ƙi, ka san taurin kan tsofaffi."

"Matsa mini, 'yar nan, kafin in manta ke mace ce."

Na naɗe ta a rigar ruwana, muka sauko da ita ni da Marlis. Ba ta kai nauyin ɗan rago ba. Gwangwanin ma na ɗauko shi da zafinsa.

Muka kwantar da ita a bayan murhuna. Malamar asibiti ta zo ta yi allura, ta ce ciwon ya ci huhu duka biyu, a kai ta birni in iska ta kwanta. Iska ba ta kwanta ba. A 'yan kwanakin nan ne ta ba ni labarin nan, kaɗan-kaɗan, tana hutawa. Ba ta zagi Naldo ba ko sau ɗaya. Tumakin ma ba ta ambace su da ɗaci ba. Abu ɗaya take ta maimaitawa.

"Da yake ƙyasta ashanar, compadre, ko kallona bai yi ba."

Naldo ya aiko da kaza da saƙon cewa aiki ya riƙe shi. Ranar da ya zo da kansa, ta riga ta cika.

To a nan nake so a buɗe kunne. A wurinmu gawa a gidanta ake yi mata addu'a, dare tara, kuma duk wanda ya zo sai ya ci abinci mai zafi. Mutum ɗari ba sa cin abinci daga akwatin gilashi. Da safe aka mayar da ita gidanta, kafin mu gama shimfiɗa ta sai ga ma'aikatan kifi, waɗanda aka ce ba su da lokaci, sun ciccibo tsohon murhun daga baranda. Yasna da kanta ta sauke tukwanen furannin. Aka kira Nolberto. Ya zo da faranti a kafaɗa da tubala a buhu, ya kwaɓa yumɓu, ya liƙe, ya haɗa bututu. Kafin a buga ƙararrawar tsakar rana wuta na ci. Fentin da aka ce zai kashe ta ya yi ɗan wari ya ƙone, aka buɗe taga, shi ke nan. Rabin yini. Abin da ta roƙa tun farkon sanyi ke nan.

Aka yanka rago, aka soya wainar dankali, aka dafa romo a manyan tukwane. Ɗakin ya yi ɗumi har mata suna cire mayafi. Bango ya bushe. Kyanwar ta dawo ta haye bencin. Hayaƙi siriri shuɗi ya tashi daga gidan Orfelina daga asuba har dare, kwana tara, irin wanda ba a gani ba tun bazara. Naldo yana tsaye yana karɓar gaisuwa, yana shafa ƙarfen yana hawaye.

"Mamita tana son murhun nan. Shi ya sa na ce lallai a kansa za a yi mata girkin ƙarshe."

Mata suka ce Allah sarki, ɗa na gari.

Aka miƙo mini kwano. Ban karɓa ba. Na fito da gwangwanin daga ƙarƙashin rigata na dangwarar da shi a kan tebur tsakanin burodi da nama, na ce, "Ga murhun da ka saya wa uwarka da tumakinta. A kansa ya kamata a yi girkin." Naldo ya ce tsoho ya sha giya. Ban sha ba. Mai jan addu'a ya ce ba a tada magana a gaban gawa. Na ce a gabanta aka ƙyasta ashanar tana da rai, ba wanda ya ce ba a yi.

Har yau akwai masu cewa tsufa ne ya kashe ta, akwai masu cewa Naldo ai bai doke ta ba, bai hana ta abinci ba, yaro ne mai neman na kansa. Haka ne, bai doke ta ba. Ya dai san abu ɗaya da zai kawo mata ceto a tsibirin nan, shi ne bututunta ya yi shiru, sai ya tashi da sassafe kullum ya tabbatar bai yi shirun ba. Ɗakin bai rushe shi ba tukuna, don yanzu a nan Yasna take yi wa baƙi girki, sun ce abincin itace ya fi daɗi.

Wanda yake ganin ƙarya nake yi, kada ya tsaya yana gunaguni a bayan coci. Ya ƙetara ya ce a ba shi mate a ɗakin, ya sunkuya ya kankare ƙafar murhun ta baya da farce, ya ga ko koren fenti ba zai biyo shi ba. In ya gama ya tuƙo zuwa gidana. Gwangwanin yana kan tagata, sauran tsumman na ciki, ya sa hanci ya shaƙa. Sannan ya dube ni cikin ido ya ce Custodio ya yi ƙarya. Yatsuna takwas ne, kuma za su ishe shi.